Gishirin Dakta Hansatu

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Labarin yau babu sarki a cikinsa, babu dodo. Na mutum uku ne, da layi ɗaya a saman takarda inda ake rubuta sunan farko. Ku bar ni in kai ƙarshe, daga nan gardama taku ce, ni sai saurare.

A wata jami'a ta ƙasar nan an yi wata malama, Dakta Hansatu Lere, masaniyar kimiyyar sinadarai. Ɗakin gwajinta yana hawa na uku, can ƙarshen baranda, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya. A kan gishiri ta ƙarar da rayuwarta, amma ba na miya ba. A wuraren da aka wanke kuza akan bar wani yashi mai nauyi, launin ƙasa-ƙasa. A cikin yashin nan akwai wasu ƙarafa da ba a samun su a ware, kullum a cakuɗe suke da juna, raba su aiki ne ja. Hansatu ta yi shekaru tana tace ɗaya daga cikinsu, har ta tara wani farin gari wanda bai cika gwangwanin madara ba. Da garin nan take haɗa gishirinta. Sai a rufe gishirin a bututun gilashi, a sa a tanderu, a riƙa ƙara masa zafi a hankali ana rubuta abin da ma'auni ya nuna.

Kun san in an ɗora ruwa a wuta zafinsa yana ta hawa har ya tafasa. Daga nan ko itace nawa aka tura ba zai ƙara zafi ba, wutar tana tafiya ne wajen mayar da shi tururi. Haka gishiri yake in ya zo narkewa: ma'auni sai ya tsaya cik har ya gama zama ruwa. Wannan kowane ɗalibi ya sani. Abin da Hansatu ta gani daban ne. Tun da sauran nisa kafin gishirinta ya narke, yana nan fari a daskare, sai ma'aunin ya ɗan tsaya na kamar minti biyu, sannan ya ci gaba da hawa. Ta ce gishirin yana sauya jerin cikinsa ne, kamar yadda ake sake jera buhuna a sito ba tare da an fitar da ko ɗaya waje ba, kuma wannan aikin ne yake shanye zafin. Ta lissafa yawan zafin da ya shanye, ta rubuta, ta kai taron masana a ƙasar waje.

A wurin taron wani dattijo da ya fi ta suna ya miƙe. Ya ce irin wannan gishirin ba abin da yake so kamar ruwa, in an bar shi a buɗe ko na ɗan lokaci ne sai ya zuƙo laimar iska ya lalace. "Abin da kika gani aikin ruwa ne," in ji shi. "Ki koma gida ki busar da gishirinki." Aka yi dariya, ba da yawa ba, amma ta ji. Mujallar da ta karɓi takardarta ta dawo mata da ita.

Ta so ta sake gwajin. Sai famfon da ke zuƙe iskar cikin bututu ya lalace a shekarar. Bututun kuma ba gilashin banza ba ne, wani mai taurin kai ne da ke jure wutar tanderu, daga waje ake kawo shi, kuma kowane gwaji yana cinye ɗaya. Suka ƙare, saura guda. Ta ji tsoron kashe shi, ta ajiye. Ɗalibai suka daina zuwa wurinta, don ba mai son a haɗa sunansa da abin dariya. A sashen, in wani ya kawo shawarar da ba ta da kai a taron malamai, sai a ce ya kawo gishirin Dakta. Mijinta ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Shekara ashirin da biyu tana hawa benen nan, ta koyar da darasinta, ta dawo ta ci abincin rana ita kaɗai kusa da tanderu mai sanyi, ta goge shi da tsumma, ta kulle.

To, sai shekarar ritayarta ta zo, tare da ciwon zuciya. Ƙafafunta suka kumbura, hawa bene ya gagare ta, hannunta ba ya riƙe ko kofin shayi ba tare da ya yi rawa ba. Shugaban sashe ya aiko da takarda cewa ƙarshen watan Satumba za a mayar da ɗakin wurin ajiye karyayyun kujeru. Ana tsakiyar damina, lokacin da iska ta fi kowane lokaci laima. Abin da ya rage mata ragowar farin garin nan, da bututu ɗaya, da famfon da ta samu aro daga sashen maƙwabta. Gwaji ɗaya ke nan. Tana son ta sani kafin ta mutu: gaskiya ta gani, ko ruwa ne? Da yake ba za ta iya yi da kanta ba, sai ta nemi mutum uku.

Na farko Lawandi ne, tsohon ɗalibinta, wanda ya busar mata da gishirin da ta kai taro. Ya bar karatu bai gama ba, 'yan watanni bayan dawowarta. Yanzu yana koyar da kimiyya a wata makarantar kwana ta ƙauye inda babu ko kwalbar gwaji ɗaya, sai allo da alli. Iyalinsa suna wani gari, sai hutu yake ganin su. Wannan hutun bai je ba, ya zo ya same ta a falo ta ɗora ƙafafu kan matashi.

"Lawandi, har kai ma ka yi furfura?"

"Ranki ya daɗe, alli ne."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Shi bai yi ba. Akwai wata hanya da ake gane ko gishirin ya bushe: a jefa ƙwayarsa a kofin ruwa. In lafiyayye ne sai ya narke ruwan ya zauna garau, in laima ta taɓa shi sai ruwan ya yi fari. Lawandi ya durƙusa ya ce, "Malama, kafin in taɓa komai akwai maganar da zan faɗa. Wancan gishirin, laima ta shige shi. Jajiberin Sallah ne, ina saurin samun mota, na sauka ƙasa na bar murfin a buɗe, hadari ya taso. Da na dawo na jefa kaɗan a ruwa, ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa. Na zubar a kwata, na rubuta miki cewa ya fita garau."

Ta daɗe tana kallon taga. Can ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina zargin hannuna." Ya jira ta ƙara wani abu. Abin da ta ƙara shi ne, "Makulli yana rataye bayan ƙofa. Ka fara da wanke kwalabe, ka gasa su, kada ka bar ko ɗigo."

Ya hau benen. Akwai wani akwatin gilashi mai safar hannu biyu ta roba, wanda ake aiki a cikinsa don kada iska ta taɓa gishiri. Safar ta ruɓe, ya samo sabuwa ya manna, ya toshe ramukan taga da tsummoki. Ya raba garin biyu, ya haɗa rabi da sinadarin da ke korar ruwa, ya sa a wuta. Kwana bakwai yana ƙara zafi kaɗan-kaɗan. Ranar bakwai ya jefa ƙwaya a kofi. Ruwan bai yi fari ba, ɗan dishi-dishi kawai ya yi, irin wanda mai son ya ga garau zai iya cewa garau ne. Ba kowa a ɗakin, ba kowa a benen. Ya rufe kofin da tafin hannu, ya sauko hawa uku, ya ratsa yayyafi har gidanta, ya ajiye a gabanta. Ta ɗaga kofin ta kalli haske, ta ce, "Ka yi gaggawa." Ya ce, "Na yi." Ya koma ya ɗauki rabin da ya rage, wanda babu wani bayansa. Wannan karon sai ya ƙara digiri goma, ya jira wuni guda, sannan ya ƙara. Kwana goma sha biyu ya yi a ɗakin, burodi da shayi ne abincinsa, benci ne gadonsa, ruwan sama yana dukan kwano ba mai yi masa magana. Ranar ƙarshe ruwan kofin ya zauna kamar ba a jefa masa komai ba. Ya zuba gishirin a bututun a cikin akwati, ya rufe bakinsa, ya haɗa shi da famfo. An riga an koma makaranta da kwana biyu, don haka ya ɗauki jakarsa ya wuce tasha bai gaisa da kowa ba.

Na biyu Malam Barau ne, mai hura gilashi. Shekara arba'in ya yi a sashen, kusan duk kwalba da bututun da aka yi gwaji da su daga hannunsa suka fito. Ba shi da digiri. A ƙarshen takardun malamai akan rubuta godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji, haka nan a dunƙule, sunansa bai taɓa fitowa ba. Ya yi ritaya shekara takwas da suka wuce. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna kudu, yana zaune a bayan gari da rediyonsa da awaki biyu. Yanar ido ta rufe masa idon hagu, na dama kuma rabi yake gani, likita ya gargaɗe shi da kallon haske mai ƙarfi. Hansatu ta buga masa waya.

"Malam Barau, bututu ɗaya ya rage."

"Na sani, Dakta. Ai ni na naɗe shi a jarida na sa a durowar ƙasa."

"Idon fa?"

"Yana nan yana shan hutu. Ke dai ki ce a bar mini ƙofa a buɗe, kuma kada kowa ya tsaya mini a kai. Ban taɓa son 'yan kallo ba."

Aikinsa shi ne ya narkar da wuyan bututun ya like shi, alhali famfo yana zuƙe iskar ciki. In wutar ta yi kaɗan, ba zai like ba. In ta yi yawa ko ta daɗe a wuri ɗaya, gilashin zai huje, iskar damina ta faɗa ciki, aikin Lawandi ya tashi a banza. Ya zo da hantsi, ya kunna wutarsa, ya daidaita ta da kunne, don ya san ƙarar da take yi in ta kai. Ya sa baƙin tabarau da ake kare ido da shi. Bai ga komai ba, duhu kawai. Ya cire, ya goge, ya mayar. Duhu. Wutar tana ta huci. Sannan ya ajiye tabarau a kan benci, ya yi bisimilla, ya kai gilashin bakin wuta da idonsa tsirara. Irin wannan gilashin in ya yi laushi fari fat yake zama, kamar mutum ya kalli rana tsaka.

Ya yi kuma wani abu da ba wanda ya sa shi. Shekara da shekaru yana ganin ana ɗaura wayar awon zafi a bayan bututu, yana ganin wannan kamar a auna zafin tuwo ta bayan kwano ne, amma ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba. Ranar nan, kafin ya like wuyan, sai ya karkata bututun gishirin ya gangara gefe, ya ɗora bakin wuta a wuri ɗaya, ya bar famfon ya janyo gilashin ciki har ya yi wani ɗan rami siriri, daidai shigar waya, wanda ya kai tsakiyar inda gishirin zai zauna. Da ya ƙara numfashi ɗaya da ya huje. Ya janye wutar, ya koma kan wuya, ya juya, ya juya, ya ja, ya like. Da bututun ya huce ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ya naɗe shi a auduga, ya sa a durowa. Ya fi awa ɗaya a zaune a kan kujera hawaye suna zuba ba don kuka ba. Ya sauko yana dafa bango yana ƙirga matakala. Daga ranar, idon daman ba ya bambanta komai sai taga da bango. Bai gaya wa Hansatu ba. Da ta kira ta tambaya, cewa ya yi, "Ya liku, Dakta. Ki ce wa mai awo akwai rami a gefe, nan za ta sa waya."

Ta uku Dakta Uwani ce, malama a sashen, mai koyar da lissafin zafi. Ba ɗalibar Hansatu ba ce. Shekara goma sha ɗaya ofishinsu yana kallon juna, ba abin da ke haɗa su sai ina kwana. Aurenta ya mutu tuntuni, ita kaɗai take zaune a gidajen malamai, kuma ta daɗe a matsayi ɗaya ba ƙarin girma, don ba ta da na'urar da za ta yi binciken da zai ɗaga ta. Da Hansatu ta kira ta, ba ta ɓoye ba.

"Malama, ni fa ban yarda da tsayawar nan ba. Na karanta lissafinki. Ina ganin dattijon nan na wurin taro ya yi gaskiya."

"Shi ya sa na kira ki. Wanda ya yarda zai gani ko babu."

Hansatu ta ba ta takardar umarni da rubutunta mai rawa: a hau da zafi digiri biyu a minti, har gishirin ya narke, a rubuta tsayawa ta farko da ta narkewa, a kashe tanderu. Haka Hansatu take yi tun farko, haka malaminta ya koya mata. In gishirin ya narke ya sake daskarewa sai ya kama gilashin ya tsaga shi, shi ya sa kowane gwaji yake cin bututu.

Uwani ta zaɓi ranar Asabar, da ginin ba kowa. Ta kunna tanderu ƙarfe bakwai na safe, na'ura tana zana layi a doguwar takarda, layin yana hawa. Wajen sha ɗaya da rabi ya kwanta. Ba a digiri ɗari biyar da goma sha biyu ba, inda littafin Hansatu ya ce, sai a ɗari biyar da ashirin da uku. Ya kwanta sarai, don wayar tana cikin ramin Malam Barau, sannan ya ci gaba da hawa. Uwani ta kalle shi ba murna. Wannan ai shi ne abin da aka gani aka yi wa dariya, mai shakka zai sake cewa ruwa ne ya saura. Bayan kamar minti ashirin aka ɗauke wuta. Alƙalamin na'ura ya tsaya, fankar sama ta yi juyi biyu ta mutu. Mai kula da janareta ba ya zuwa Asabar.

Bisa takardar umarni gwaji ya lalace. Har ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, don wani tunani ya zo mata. Gishirin bai narke ba, bututun lafiyarsa lau, tanderu kuma yana hucewa da kansa, ba wanda ya taɓa kallon gishirin nan yana saukowa. In ɓarnar ruwa ce, sau ɗaya take faruwa, ba ta komawa baya. In kuwa sauya jeri ne, to a hanyar saukowa dole gishirin ya koma jerinsa na dā, ya amayar da zafin da ya shanye. Ta yar da jakar, ta zaro ƙaramin mita mai batir daga kabad, ta haɗa shi da wayar, ta cire agogon hannunta ta ajiye a gabanta. Duk rabin minti sai ta rubuta lamba. Lambar tana sauka, tana sauka. Ta wuce ɗari biyar da ashirin da uku ba ta tsaya ba. Uwani ta ce a ranta, to shi ke nan. Amma ba ta ajiye biro ba. A ɗari biyar da goma sha bakwai lambar ta ƙi motsi. Ta rubuta ta sau biyu, sau uku, sau biyar. Har ta ɗan hau da digiri ɗaya, a cikin tanderun da ba wuta, sannan ta ci gaba da sauka. Uwani ba ta tashi ba. Ta ƙara awa biyu tana rubutu don ta tabbatar babu wani abu a ƙasa, yatsunta suka sage, azahar ɗinta ta makara.

Da aka dawo da wuta sai ta kife takardar umarnin. Ba ta bar gishirin ya narke ba ko sau ɗaya. Kwana huɗu tana hawa da shi ya wuce wurin tsayawar, ta sauko da shi, ta sake hawa. Sau biyar ya tsaya a hawa, sau biyar ya tsaya a sauka. Ta lissafa zafin da yake shanyewa da wanda yake mayarwa, suka zo kusan ɗaya. Ta kwashi takardun ta nufi gidan Hansatu.

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Malama, kuma yana dawowa. Sau biyar. Amma lambarki ba daidai ba ce, kin yi ƙasa da digiri goma sha ɗaya."

"Kin bi takardata?"

"Ban bi ba."

Hansatu ta sa tabarau, ta bi lambobin da yatsa, layi bayan layi, har ta zo inda lamba ɗaya ta maimaitu sau biyar da rubutun biro. Nan yatsan ya tsaya. Ta ce, "Ni ban taɓa kallon sa yana saukowa ba. Kullum sai in kashe in tafi salla." Ta cire tabarau. Sannan ta ce, "Uwani, akwai sauran fura a firij? Yunwa nake ji."

Mako biyu tana faɗa Uwani tana rubutawa, har takardar ta kammala. Ta sa an rubuta cewa gishirin farko ya sha laima, shi ya sa lambarta ta karkace, ba ta ambaci hannun wanda ya jawo ba. Saura sunaye. Ga al'adar masu wannan aiki: sunan babba a ƙarshe yake zuwa, sunan farko kuwa na wanda aikin ya fi zama nasa ne. Kuma duk wanda zai ambaci binciken nan gaba, a kowace ƙasa, sunan farko kaɗai zai rubuta, ya bi shi da "da sauransu". Hansatu ta sa nata a ƙarshe. Ta ce dukansu uku za su shiga, har da Malam Barau, ko wa zai ji haushi. Uwani ta ce, "Wa za a fara sawa? Ko a bi jerin baƙaƙe?" Hansatu ta ce, "A'a, wannan gudun hukunci ne. Ki bar ni zuwa Juma'a." Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Ranar addu'ar uku ne mutanen nan suka fara zama wuri ɗaya. Bayan 'yan gaisuwa sun watse, da ma ba su da yawa, Uwani ta fito baranda da takardar, ta sami Lawandi a gefe ɗaya na tabarma, Malam Barau a ɗaya gefen da sanda a kan cinyarsa. Ta karanta musu daga farko har ƙarshe, ta gaya musu abin da marigayiya ta ce da abin da ba ta kai ga faɗa ba. Malam Barau ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin Lawandi ya ce, "Kai ne mai gishirin? Na ji yadda yake gangara a bututu, kamar rairayi. Ka iya." Lawandi ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin Uwani ta lura cewa tsohon ba ya kallon inda take. Ba wanda ya ce a sa ni, ba kuma wanda ya ce a sa wane. Ruwa ya sauko, suka zauna suna saurarensa. A can sashen an riga an fara hawa da kujeru.

To, ga su nan a gabanku. Ba don Lawandi ba da babu busasshen gishiri, kuma da ya yi shiru a kan kofin nan mai dishi-dishi ba wanda zai taɓa sani. Amma shi ne ya jawo mata shekara ashirin da biyu na zama ita kaɗai, wasu za su ce gyara ɓarnarsa kawai ya yi. Ba don Malam Barau ba da laima ta cinye gishirin kafin a kai shi tanderu, kuma ba don raminsa ba da ƙaramin mitan nan bai ji tsayawar ba. Ya ba da idonsa a kai. Amma aikin safiya ɗaya ne, bai san lissafin ba, ko an buga sunan ba zai iya ganin sa ba. Uwani ce ta kawo hujjar da ba mai iya musun ta, da tunaninta da yatsunta, a lokacin da takarda ta ce a tashi. Amma ta zo ba ta yarda ba, ba ta rasa komai ba sai kwana huɗu, kuma da ba a ɗauke wuta ba da umarnin za ta bi, bututun ya tsage, a koma inda aka fito.

Takardar tana nan a durowar Uwani, mujalla kuma ba ta karɓar layi a buɗe. Ku gaya mini, sunan wa za a rubuta a farko, su wa za su zama "da sauransu"?